Tsakanin Ƙaddara da Sakaci: Magana a kan Tsohuwar Mota Mai Turbo

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙarƙashin gadar Kwangila da ke Zariya, inda hanyar Kaduna zuwa Kano ta gitta wadda ta nufi Samaru da Funtuwa da Gusau har Sakkwato, ya san cewa babu wata sa'a ta dare ko ta rana da wurin yake rabuwa da ƙugin injuna da kiran 'yan kamasho da warin baƙin mai. Nan ne mahaɗar matafiya, nan ne kuma asibitin motocinsu, domin kuwa da wuya mutum ya yi taku ɗari a gefen titi bai iske wata mota an ɗaga mata bonet ba, bakanike ya sunkuya a kanta, mai ita kuma yana tsaye gefe ya harɗe hannuwa a bayansa yana jiran hukunci. Idan hukuncin ya fito, aka ce turbo ya tafi, ko kuwa injin ya buga, sai ka ji maigidan ya ja dogon numfashi ya ce, "To, ƙaddara ce," na kusa da shi su amsa masa da cewa Allah ya mayar da alheri.

Wannan kalma gaskiya ce tsantsa, kuma babu musulmin da imaninsa zai inganta sai ya sakankance cewa babu abin da yake aukuwa a sama ko a ƙasa, mai daɗi ko mai ɗaci, face da sanin Allah Maɗaukakin Sarki da nufinsa da ikonsa. Amma kalmar gaskiya takan zama mafaka ga wanda yake gudun hisabin kansa, kuma abin da nake so mu yi nazari a kansa shi ne wannan: shin mutumin da ya shekara bai zare gejin baƙin mai ya duba ba, bai taɓa buɗe matatar iska ya ga irin ƙurar da ta haɗiya ba, yana da hujjar jingina asararsa ga ƙaddara kamar yadda wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa yake da ita? Mas'ala ce ta tauhidi da fiƙihu gaba ɗaya, ko da yake ta zo mana sanye da rigar bakanike, kuma ba za a warware ta ba sai an fara sanin abin da ake magana a kansa.

Iyayenmu sun koyi mota ne a kan injuna masu yafiya. Tun daga 1975, lokacin da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna, 504 ta zama abin hawan ma'aikaci da ɗan kasuwa da direban tasha, kuma injinta mai sauƙin sha'ani ne, wanda yakan jure man da aka samu da ruwan da aka samu, ya kuma jure bakaniken da aka samu. Da tattalin arziki ya karye, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi, sai aka koma ga na hannu waɗanda ake lodowa daga tashoshin jiragen ruwan Turai, musamman Antwerp ta ƙasar Beljiyam, a sauke su a Kwatano a biyo da su ta kan iyaka, har gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga farkon shekarar 2017. A can Turai kuwa, dokokin rage hayaƙi da tsadar mai sun sa masu ƙera motoci suna ta ƙanƙanta inji suna ɗora masa turbo don ya ba da ƙarfin babba, saboda haka motocin da suke tsufa a hannunsu yau, su iso hannunmu gobe, da yawansu masu turbo ne, ko Passat ce ko Golf ko Sharan ko Peugeot 508. Mota ta sauya hali, mu kuwa muna nan da ɗabi'ar da muka gada daga zamanin 504, kuma daga wannan saɓani ne yawancin hasarar take fitowa.

Shi dai turbo, wanda wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Alfred Büchi ya yi wa rajistar ƙirƙira a 1905, fankoki ne guda biyu ƙanana da aka ɗaura a kan sanda ɗaya, kowace a cikin gidanta. Hayaƙin da injin yake fitarwa, maimakon ya wuce salansa kai tsaye ya tafi a banza, sai a bi da shi ta kan fanka ta farko ya juya ta, ita kuma ta juya sandar, sandar ta juya fanka ta biyu, wadda take zuƙo iska daga waje ta matse ta ta tura cikin inji. Da yake wuta da iska take ci, ƙarin iska yana ba da damar ƙona ƙarin mai, ƙarin mai kuma shi ne ƙarin ƙarfi. Abin mamaki a nan shi ne gudun wannan sanda, domin yayin da injin yake juyi dubu biyu ko uku a minti ɗaya a kan hanya, ita takan haura juyi 150,000 a cikin wannan minti, alhali hayaƙin da yake bugun fankarta, a injin fetur, zafinsa yakan kai digiri 900 a ma'aunin Salsiyas. Babu abin da yake tsakanin wannan sanda da ƙarfen da take juyi a cikinsa sai wani siririn shafe na baƙin mai, wanda bai kai kaurin gashin kai ba, kuma shi ne yake ɗauke da ita, shi ne yake sanyaya ta. Idan man nan ya yanke na 'yan daƙiƙoƙi, ko ya ƙazantu, ko ya yi kaurin da ba zai iso da wuri ba, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe ke nan a wannan gudu, kuma abin da zai biyo baya ba ya buƙatar duba.

A nan ne ilimin da ake karantarwa a zaurukan malaman Zazzau, irin na Unguwar Juma da Kona, yake haskaka al'amarin. Shehu Muhammadu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, ya kasa hukunci gida uku a littattafansa na tauhidi, waɗanda Ummul Barahin ya fi shahara a cikinsu a ƙasar nan: akwai hukuncin hankali, da hukuncin shari'a, da hukuncin al'ada. Na ukun shi ne danganta wani abu da wani saboda maimaituwar haɗuwarsu, kamar ƙuna a yayin taɓa wuta da ƙoshi a yayin cin abinci, tare da ƙudurta cewa wuta ba ta ƙonawa da ikon kanta, Allah ne yake halittar ƙunar a lokacin haɗuwar, kuma in ya so sai ya keta al'adar, kamar yadda ya yi ga Annabi Ibrahimu, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Malamanmu sun yi gargaɗi ga wanda ya ɗauka sababi yana aiki da kansa, domin ya karkace a aƙida. Amma ba su taɓa cewa mutum ya tsoma hannu a wuta yana jiran a keta masa al'ada ba, domin keta al'ada mu'ujiza ce ga annabawa da karama ga waliyyai, kuma babu wanda aka yi wa alkawarinta saboda ya ƙi juye baƙin mai. Alaƙar da ke tsakanin mai mai kyau da lafiyar turbo hukuncin al'ada ce, wato sunnar Allah ce a cikin halittarsa, kuma wanda ya girmama ta ya girmama Wanda ya shimfiɗa ta.

Haka kuma tawakkali, wanda mutane da yawa suke fahimtarsa a karkace. Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ne ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umarce shi da ya haɗa biyun, ɗauri da dogaro. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik kuma akwai labarin Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, lokacin da ya nufi Sham ya sami labarin annoba ta ɓarke a can, ya yi shawara da sahabbai ya yanke komawa. Da Abu Ubaida ya tuhume shi da gudun ƙaddara, sai ya nuna masa cewa komawar ma a cikin ƙaddarar take, kamar yadda makiyayin da ya zaɓi gefen kwari mai ciyawa ya bar busasshe bai fita daga ikon Allah ba. Saboda haka mai motar da ya durƙusa da safe ya leƙa ƙarƙashinta bai rage komai daga tawakkalinsa ba. Tawakkali aikin zuciya ne, riƙon sababi kuma aikin gaɓɓai, kowanne da muhallinsa, kuma Bahaushe ya tattara wannan duka da ya ce Allah ya ce tashi in taimake ka.

To, ina ɗaurin raƙumar yake ga mai tsohuwar mota mai turbo? Yaron da ya fara Ahalari ma ya san ƙa'idar cewa ilimi yana gaba da aiki, kuma mukallafi ba ya shiga abu sai ya nemi saninsa. Farkon sanin shi ne duba na safe, wanda ba ya buƙatar sifana ko kuɗi, sai tsumma ɗaya da minti biyar. A tsayar da mota a wuri mai daidaito tun injin yana da sanyi, a zaro gejin baƙin mai a goge shi, a mayar har ƙarshe a sake zarowa, a ga ko man yana tsakanin alamomin nan biyu, domin ƙasa da ta ƙasa yunwa ce ga turbo, sama da ta sama kuma cutarwa ce da mutane ba su cika lura da ita ba. A murza ɗigon man tsakanin yatsu biyu, in an ji tsakuwa-tsakuwa ko warin ƙonewa to ya gama aikinsa. A buɗe murfin da ake zuba man a dubi cikinsa, in an ga wani abu fari-fari mai kama da madara to akwai alamar ruwa yana shiga inda bai kamata ba. Sa'an nan a dubi ruwan lagireto, a dubi ƙasa inda motar ta kwana ko ta bar ɗigo, a kunna makulli a tabbata fitilar mai ta kama sa'an nan ta mutu bayan injin ya tashi. Wanda ya lizimci wannan zai san motarsa kamar yadda ya san muryar 'ya'yansa, har ranar da wani abu ya sauya zai ji shi tun bai girma ba.

Na biyu shi ne juyen mai a kan kari da irin man da ya dace. Wanda ya ƙera motar ya rubuta lambar man da injin yake so, sau da yawa 5W-30 ko 5W-40, irin wanda aka sarrafa don jure zafi; amma al'ada ta gudana a garejinmu cewa ƙasarmu ƙasar zafi ce, saboda haka a zuba mai kauri 20W-50 ga kowace mota, kuma wannan fatawa ce da ta dace da 504 aka ɗora ta a kan abin da ba nata ba. Bututun da yake kai mai ga turbo siriri ne ƙwarai, mai kauri yakan yi jinkirin isa da safe, mai arha kuma yakan dahu ya zama dauɗa mai kama da kwalta ya toshe hanyar. A irin ƙurarmu da cunkosonmu da ramukan hanyoyinmu, abin da ya fi aminci shi ne a juye mai wajen kowace kilomita 5,000, a sauya matatarsa tare da shi kowane karo, a rubuta ranar da lambar tafiyar a ɗan littafi a ajiye a mota. A kuma sayi man a wurin da aka amince da shi, a duba hatimin galan ɗin da ido, domin jabu ya yi yawa a kasuwa, kuma araha ba ta ado. Wanda zai juye da hannunsa kada ya shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai sai ya tokare ta da abin da ba ya gocewa, kada kuma ya zubar da tsohon man a kwata, domin ruwan sama zai kwashe shi ya kai rafin Kubanni inda masu lambu suke ban ruwa, kuma cutar da maƙwabci ba ta halatta ko da ba ka san sunansa ba.

Na uku ba ya cin ko kwabo, amma shi ya fi wuya ga ɗan Adam, domin haƙuri ne. Idan aka tayar da inji da safe, man yana kwance a ƙasa, yana buƙatar ɗan lokaci kafin ya hau ya kai ko'ina, saboda haka a ba shi kamar rabin minti ko minti ɗaya, sa'an nan a tafi a hankali har gejin zafi ya kai matsayinsa, ba tare da an danna totur ana sa injin kururuwa ba. Mafi muhimmanci kuma shi ne lokacin tsayawa. Dubi direban da ya taso daga Kano da cikakken lodi, ya yi gudu na kusan awa biyu, ya sauko Kwangila ana kiran sallar La'asar, ya taka birki ya murɗa makulli a numfashi ɗaya ya fice. A wannan lokaci gidan turbo yana da zafin da da dare ne ana iya ganin jansa, famfon mai ya tsaya tare da inji, ɗan man da ya saura a kan sandar kuma yana nan yana soyuwa har ya zama gawayi, gawayin da gobe zai kankare sandar ya cinye abin da yake hana mai tsallakawa. Da ya rage gudu tun daga nesa, ya bar injin yana aiki a tsaye minti ɗaya ko biyu kafin ya kashe, da man ya zagaya ya kwashe zafin, kuma da jam'in bai wuce shi ba, domin alwalar ma sai ya jira buta. Ba a banza aka ce gaggawa aikin Shaiɗan ce ba.

Na huɗu shi ne iska, wadda turbo yake zuƙa da yawa fiye da injin da ba shi da shi. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu yake turo ƙurar Sahara har rana ta koma kamar farin wata a sararin Zariya, matatar iska takan cika cikin 'yan makonni, kuma ƙwayar rairayi ɗaya da ta tsallake ta faɗa kan fankar da take wancan gudu tana gutsurar bakinta. A buɗe akwatin matatar akai-akai, a ɗaga ta a hasken rana, in haske ba ya ratsa ta ko ta yage a sauya, kada a wanke ta takarda da ruwa, kada kuma a yarda da mai cewa a cire ta gaba ɗaya don mota ta sami numfashi. A bi tiyo-tiyon da suke ɗaukar matsattsiyar iska da hannu, a ji ko akwai tsaga ko wani maɗauri ya saki, domin ƙaramin huji a nan yana sa mota ta rasa ƙarfi ta riƙa shan mai. Hayaƙi kuma harshe ne ga mai fahimta: shuɗi yana nuna baƙin mai ne yake ƙonewa, baƙi yana nuna man tafiya ya fi iska yawa, fari mai kauri wanda ba ya yankewa bayan injin ya yi zafi kuma yana nuna ruwa. Kuka mai kama da jiniya da yake ƙaruwa da taka totur shi ma saƙo ne, kuma in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Akwai kuma wasu bidi'o'i biyu da suka zama kamar sunna a wurinmu. Ɗaya ita ce cire tamostat daga mota da zarar ta iso, a ɗaure fanka ta riƙa juyi ba tsayawa, da hujjar cewa kayan ƙasar sanyi ne. Alhali aikinsa shi ne ya kai injin ga zafin da aka ƙera shi a kai ya riƙe shi a nan, kuma injin da ba ya kai wannan zafi yana shan mai yana tara dauɗa. Ta biyu ita ce zuba ruwan rijiya a lagireto maimakon ruwan sanyaya inji mai launi, wanda yake hana tsatsa kuma ba ya saurin tafasa. Turbo da yawa ruwan nan yana ratsa su, kuma tsatsa ba ta barin ƙaramar hanya a buɗe. Kada a taɓa buɗe murfin lagireto injin yana da zafi, domin mutane da yawa sun rasa fatar fuska a haka. Man tafiya ma a kiyaye inda ake shansa, a guji na bunburutu in ba larura ba, domin ko a gidajen mai an ga yadda gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin methanol da aka shigo da shi ƙasar nan a Fabrairun 2022 ya lalata motocin mutane.

Sai dai sanin iyaka shi ma ilimi ne, kuma an umarce mu da tambayar ma'abota sani a abin da ba mu sani ba. Cikin turbo, da bel ɗin taimin, da birki, da abin da sai an jona kwamfuta ake gane shi, waɗannan na masu sana'a ne. Bakanike na ƙwarai, idan aka kawo masa mota mai shuɗin hayaƙi, yakan kashe injin ya bari ya huce, ya cire tiyon gaba, ya sa yatsa ya kama kan sandar ya girgiza, sa'an nan ya ce, "Alhaji, kawo hannunka ka ji da kanka, ka ga yadda take wasa har fanka tana gogar gida? In na sa maka wani ban wanke bututun mai ba, ko ban sauya shi ba, wata biyu ba zai yi ba za ka dawo kana zargina." Irin wannan shi ne abin nema, kuma mai motar da ya san abin da muka ambata a baya shi ne zai iya bambance shi da wanda yake gyara da ƙila-wa-ƙala. Mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, ta ɗora wa masu sana'a lamunin kayan mutane da suka karɓa suka tafi da su, saboda maslahar jama'a. Ya kamata masu gareji su san cewa motar da aka bar musu amana ce da shari'a take tambaya a kanta, haka ma tsohon kayan da suka cire da sabon da aka ba su kuɗinsa.

Mai yiwuwa wani ya ce, ashe wannan duka ba shagala da duniya ba ce, mutum ya riƙa lallashin ƙarfe kamar abin bauta? Amsa ita ce zuhudu fitar da duniya ne daga zuciya, kuma ba a taɓa fassara shi da wulaƙanta ni'ima ba. Malaman usulu, irin su Imamul Gazali da Shaɗibi, sun lissafa kiyaye dukiya a cikin larurori biyar da shari'a ta zo don tsare su, tare da addini da rai da hankali da zuriya, kuma ya tabbata a Buhari da Muslim cewa tozarta dukiya yana cikin abubuwan da Allah yake ƙi ga bayinsa. Kuɗin da aka kashe wajen sayen injin da sakaci ya kashe, kuɗin makarantar yara ne, ko na maganin tsohuwa, ko na zakka da sadaka da ba za a fitar ba. Wanda yake wanke jikin mota kullum har tana ƙyalli don idon mutane, alhali man cikinta ya shekara, shi ne ya fi kusa da son duniya, domin ya kula da zahirin da ake yabo ya bar baɗinin da ake tambaya.

Wani kuma zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi, tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, talaka da ƙyar yake cika tanki, ina ya ga kuɗin mai mai tsada? Wannan uzuri ne na gaskiya, kuma babu mai musun ƙuncin da ake ciki. Amma rabin abin da muka lissafa kyauta ne, sauran rabin kuma, in an tara shi na shekara, ba ya kai kuɗin inji sukutum. Fuƙaha'u sun ce mai dabbar da ya kasa ciyar da ita ana tilasta masa ya ciyar ko ya fitar da ita daga mulkinsa. Na san ƙiyasin yana da bambanci, domin dabba tana da rai mota kuwa ba ta da shi, amma hikimar ta shafe mu, wato kada mutum ya riƙe abin da ba zai iya ɗaukar nauyinsa ba. Wanda zai sayi mota ya tambayi kuɗin riƙonta kafin kuɗin sayenta, in ya ga mai turbo ta fi ƙarfinsa ya nemi mai sauƙin inji, babu aibi a cikin wannan.

Abin da ya ɗaga mas'alar daga babin dukiya zuwa babin jini shi ne cewa mota ba ita kaɗai take tafiya ba. Direban da ya fito zai wuce tirela a hanyar Funtuwa, ya dogara da ƙarfin da turbo yake ba shi, tiyon da ya daɗe da tsagewa ya fashe a daidai wannan lokaci, ƙarfi ya yanke, wata motar kuma tana tahowa, yana ɗauke da rayukan da suka biya kuɗi suka ba shi amanar kansu. A injin dizal ma akwai abin da ya fi wannan ban tsoro, domin idan turbo ya saki baƙin mai da yawa cikin hanyar iska, injin yakan koma cin man nan ya yi ta ƙara gudu da kansa, ko an zare makulli ba ya mutuwa. In aka yi asarar rai ta hanyar aibin da mutum ya sani ya ƙyale, to ya shirya amsar da zai bayar ranar da ba a karɓar uzurin ƙarya.

Haka nan ranar sayarwa, wadda ita ce jarrabawa ta ƙarshe ga mai tsohuwar mota. Sananne ne a kasuwar motoci cewa akan zuba mai mai kauri ko wani sinadari don a ɓoye hayaƙi na kwana biyu, akan kashe fitilar gargaɗi da ke gaban direba, akan kuma mayar da lambar tafiya baya. Wannan shi ne tadlisi, kuma shari'a ta san shi tun a kan dabbar da ake ƙin tatsa kwana da kwanaki don hantsarta ta cika mai saye ya ruɗu, ta haramta shi ta kuma ba mai saye zaɓin mayarwa. Bayyana aibin da aka sani wajibi ne a kan mai kaya da dillalinsa, cewa "ka duba da kanka" ba ya sauke wannan nauyi, kuma ribar da aka samu ta ɓoye aibi albarkarta a shafe take.

Bayan wannan duka, mutum zai iya yin komai daidai motar ta lalace, domin ƙarfe yana da ajali kamar yadda mai shi yake da shi, kuma mota mai shekara goma sha biyar ta riga ta ci rabonta mai yawa a hannun da ba mu sani ba. A nan ne kalmar ƙaddara take zama a muhallinta, ta zama sanyi ga zuciya da lada ga mai haƙuri, domin ya ɗaure raƙumarsa, Mai ita ya karɓi abinsa. Wanda ya yi sakaci kuwa, shi ma abin da ya same shi da ƙaddara ne, amma abin da ya wajaba a kansa shi ne istigfari da gyara hali, domin malamai sun ce ana kafa hujja da ƙaddara a kan musiba, ba a kafa ta a kan laifi.

Saboda haka ina kira ga masu motoci da direbobin tasha da shugabannin ƙungiyoyinsu a Kwangila da sauran tashoshinmu, su mayar da duba na safe sharaɗi kafin lodi, su koya wa yaran mota karanta geji da launin hayaƙi tun kafin su koya musu riƙe sitiyari. Ina kira ga masu gareji su ji tsoron Allah a kan abin da aka ba su amana, su kuma nemi ilimin injunan zamani, tun da ga Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya nan a Zariya tun 1986, ga kuma Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Malamanmu kuma su shigar da wannan babi cikin wa'azinsu, domin yana cikin amana da tsare rai da dukiya. Kai kuma mai karatu, in kana da irin wannan mota, gobe da safe bayan ka yi addu'ar fita, zaro gejin nan ka duba kafin ka murɗa makulli. Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya sa mu cikin masu riƙon amana, amin.